Ina Muryar Babana da Kuka Ce Kun Adana?

Zuwa ga Shugaban Rumbun Adana Bayanan Bincike,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka. Sunana Rabi, ina sayar da atamfa a Guéma, nan Parakou. Ni ce 'yar fari ga marigayi Alhaji Mamman mai goro na Djougou. Na fito fili da wannan takarda ne don na rasa ƙofar da zan ƙwanƙwasa.

Lokacin da Baba yake da rai, masu bincikenku sun zo gidanmu a Djougou. Kwana uku suna zaune gabansa da na'urar naɗar murya. Ya ba su labarin fataken goro, zango bayan zango har Gwanja, da sunayen kakanninmu da garin da aka binne kowa. Ko mu 'ya'yansa bai taɓa jera mana su haka ba. Da za su tafi suka ba shi ɗan kati mai adireshin intanet, suka ce muryarsa ta shiga rumbunku, har jikokin jikokinsa za su ji ta. Baba ya sa katin a jakar carbinsa.

Ni kuwa duk kwanakin nan ina madafa, ina daka wa baƙinku sakwara. Sau biyu ya ƙwala mini kira in zo in zauna in ji. Na ce masa ai komai yana cikin na'ura, zan saurara a tsanake. Wallahi wannan amsa tawa ita ke cina har yau.

Baba ya rasu bara. Bayan sadakar arba'in na ciro katin, ga abin da na tarar.

Na ɗaya, adireshin ya mutu. Na gwada a wayata, na gwada a ta maƙwabta, farin shafi kawai ke fitowa. Haba, ranka ya daɗe! Ko mai shago idan ya tashi yakan bar sallahu inda ya koma.

Na biyu, lambar wayar da ke jikin katin ba ta shiga. Na je buronku, wato ofishinku, har sau uku. Mai gadi, Allah ya saka masa, shi kaɗai ya tausaya mini. Ya ce aikin ya ƙare, ma'aikacin da ke riƙe da shi ya yi gaba. Ashe rumbu guda a wuyan mutum ɗaya yake? A gidan goro na tashi. Baba bai taɓa ɗaure huhun goro ya manta da shi ba. Yakan kwance, ya tsince mai tsutsa, ya sake ganye, kuma ba ya tara hajarsa duka a ɗaki ɗaya. In zai yi tafiya, kowa ya san wanda aka bar wa makulli. Abin da muka sani da ajiya ke nan.

Na uku, ba ku bar mana kwafi ba. Muryar ubanmu ce, a tsakar gidanmu aka naɗe ta, amma kati muka tashi da shi.

Na huɗu, ban san ko ta ɓace ba, ko tana hannun wani can yana sauraron asalinmu, mu kuma ba mu da hali. Rashin sanin nan ya fi mini ciwo.

Don girman Allah, ku nemo naɗin nan ku zuba mana a waya. Ku ajiye abin mutane wuri fiye da ɗaya, ku riƙa buɗewa kuna dubawa, ku sanya wanda zai amsa idan an kira, tun kafin ku zauna gaban wani tsohon. In kuma ta salwanta, ku faɗa mini da bakinku, in yi masa kuka na biyu in haƙura.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon riƙe amana, ya jiƙan magabatanka. A cikin naɗin nan akwai inda Baba ya ce, Rabi, zo ki zauna. Ku maido mini shi, ranka ya daɗe. Yanzu zan zauna.

Wassalam.

Rabi Mamman,
Guéma, Parakou.