Mai Tabarau Ba Zai Zo Ba

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Umma tana nan lafiya, ƙafar nan tata ta yi sauƙi tun da aka canza mata magani, har tana fita tsakar gida ba sanda. Abba kuwa kin san shi, kullum yana shago. Ni ma lafiya lau. Mun gama jarrabawar ƙarshe ranar Talata, saura in miƙa kundin bincikena in kwashe kayana daga ɗakin kwanan ɗalibai.

Yaya, da na so in kira ki a waya, amma na san za ki ji muryata ki ce ba komai, domin muryar tawa ba ta canza ba. Shi ya sa na zauna na rubuta. Maganata da yaron nan da kike ce wa Mai Tabarau ta ƙare. Muna fitowa daga takardar ƙarshe ya ce in tsaya, muka zauna a kan bencin da ke ƙarƙashin matakala, kusa da allon sanarwa. Ya ce an ba shi gurbin ƙarin karatu da ya nema a waje, shekara huɗu. Na yi murna, don ni na gyara masa takardar neman, a kan na'urata ma aka tura ta, kuma shirinmu shi ne ya fara tafiya in bi shi daga baya. Sai ya cire tabarau yana ta gogewa da gefen riga, ya ce ya yi tunani tun zangon da ya wuce, ba ya so ya ɗaure ni da jira. Can sai ya faɗi gaskiyar, wai idan ya hango rayuwarsa a can, ba ya ganina a ciki. Na ce masa to. Na tambaye shi littafin lissafina da ya ara, ya ciro ya ba ni. Daga nan na wuce kantin abinci na saya, na cinye tas.

Abin da ke ba ni mamaki ke nan. Shekara uku muna zama a teburi ɗaya a ɗakin karatu, shi yana riƙe mini kujera, ni ina riƙe masa, amma har yau hawaye ko ɗigo. Abokiyar ɗakina ta yi kukan da ya isa mu biyu, ni ce ma na riƙa ba ta haƙuri. Ina tashi da safe, in yi salla, in yi wanki, in gaisa da mutane, kamar wata ce aka aiko ta riƙe mini wurina. Kin tuna kwalin littattafan soyayyar nan da kika bar mini ranar da za ki tafi, waɗanda Umma ke cewa za su kashe mana ido? A ciki, idan aka yi wa yarinya haka, zazzaɓi ke kwantar da ita, ko ta daina cin abinci. Na jira nawa zazzaɓin, bai zo ba. Na ɗauko ɗaya na buɗe, na kai shafi ashirin, abin da kawai na lura da shi shi ne ɗaliban ciki ba sa taɓa rubuta jarrabawa. Ki yafe mini, na ba 'yan shekarar farko kwalin gaba ɗaya ban tambaye ki ba. Suka yi ta wawaso suna dariya a baranda, na tsaya ina kallonsu.

Ga abin da nake roƙo. Umma ta san da shi, kuma na taɓa gaya mata cewa zai zo ya gaishe su da zarar mun gama. Duk kiran da ta yi sai ta tambaye ni ɗanta, don haka take kiransa, makon jiya har ta ce ta sa an sake labulen falo. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma bakina ya kasa. Ba tsoron faɗa nake ji ba. Tsoro nake ta fashe da kuka ni kuma in tsaya ina kallonta, ta zaci dama can ban damu ba. Don Allah ki kira ta kafin Juma'a, ranar zan koma gida. Ki ce mata kada ta zage shi, kuma kada ta tambaye ni yadda nake ji, domin ban da amsa tukuna. Ta bar ni in taya ta aikin gida kawai.

Ki gaida mini maigidanki, da babban yaronki sarkin ƙiriniya, da takwarata, ki ce mata ban manta da alkawarin 'yar tsana ba. Goggo tana gaishe ku, haka ma Kawu. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri. Idan kukan ya zo, ke zan fara kira, ki ɗauka ko kina cikin aiki.

Taki har kullum,
Autarku