Lungun da Ba na Kowa Ba

Litinin, 13 ga Janairu
Na kama aiki a teburin koke na gundumarmu. Rodica, wadda ta shekara ashirin a kujerar kusa da tawa, ta ce darasi ɗaya ne: "Kafin ki tambayi me ya faru, tambayi a ina ya faru." Na ɗauka wasa take.

Laraba, 15 ga Janairu
Wani tsoho ya zo, Costache, hularsa a hannu. Dusar ƙanƙara ta toshe lungunsu, motar asibiti ta kasa shiga, matarsa Aurica kuma sau uku a mako ake mata wankin ƙoda. Ta riga ta rasa na Litinin.
Rodica ta buɗe taswira. "Ba namu ba ne, Baba. Gundumar maƙwabta."
"'Yar nan, daga can nake. Su suka turo ni."
Ashe iyakar ta bi tsakiyar lungun! Gidajen dama namu, na hagu nasu. Na karɓi takardarsa. Doka ta ba mu kwana talatin mu amsa. Talatin!

Alhamis, 16 ga Janairu
Na hau sama wajen Injiniya Vasilescu. Ya ce babban ofishin birni na raba kuɗin share hanya ne bisa titunan da ke rajistar kowace gunduma, lungun kuwa ba ya cikin ta kowa. Manyan tituna na magajin garin birni, ƙanana namu, bututun ƙasa na wani kamfani.
"To mutanen fa, na wa ne?"
Ya yi dariya. "Ke sabuwa ce, ko? Sha kofinki, zai huce."
Raina ya ɓaci har na kasa cin abinci.

Asabar, 18 ga Janairu
Na je da shebur. Da idona na ga motar share hanya ta iso bakin lungun, direban ya ɗaga bakin ƙarfen, ya wuce. Na bi shi da ihu. Ya leƙo: "Idan na kankare motar wani a ciki, ke za ki biya?"
Ni da Costache da maƙwabta biyu muka haƙa har tafin hannuna ya yi bororo. Aurica ta aiko mana da shayi mai zafi. Ta taga ta ɗaga mini hannu, fuskarta a kumbure.

Lahadi
Dusar ta sake zuba. Kamar ba mu yi komai ba.

Talata, 21 ga Janairu
A kan bargo suka fito da Aurica zuwa titi. Ban iya rubuta sauran ba.

Alhamis, 13 ga Fabrairu
Amsar takardar Costache ta sauko yau, kwana ashirin da tara, cikin wa'adi. "Za a kafa kwamitin haɗin gwiwa." Mako biyu ke nan da binne Aurica. Ni na buga hatimi, na sa a ambulan.
Da rana wata mata ta zo, fitilun layinsu sun mutu, 'yarta na tsoron dawowa daga aiki. Ba ta gama magana ba na jawo taswira.
Ba namu ba ne. Da gaske ba namu ba ne, na duba sau biyu.
Rodica ta kawo mini kofi. Ta ce na fara iya aiki.