Goggo Ta Aiko Mini Da Abincin Baƙi

Assalamu alaikum Admin da 'yan'uwa na wannan zaure. Don Allah a sa mini wannan a ɓoye sunana, shawararku nake nema da gaggawa, wanda zai zage ni ma ya zaga, na san na ci zagin.

Ni haifaffiyar birnin Zariya ce, unguwar Kusfa. Mahaifiyata ta rasu ina ƙarama, Goggo ƙanwar babana ce ta riƙe ni har ta kai ni ɗakin miji. Yanzu ina aure a Abuja, a can nake aiki. Kwanaki ofis suka ce za su turo mu kwas na mako guda a Zariya ni da wasu abokan aiki mata, don murna ban tsaya komai ba na kira Goggo na ce ta gyara mini ɗaki, ga ni nan tafe.

Da tafiya ta matso sai na ji abokan aikin sun samo masauki a Tukur-Tukur, gidan wata Hajiya ce tsohuwar malamar makaranta da ta ware ɗakuna tana saukar baƙi, akwai sola, ga banɗaki a cikin ɗaki, da safe kuma a karya a falonta. Sai na fara tuno gidanmu, ginin ƙasa, banɗaki ɗaya a tsakar gida sai an bi layi da buta, lungun ma mota ba ta shiga. Na ce wa kaina ai karatu ne ya kawo ni, gidan Goggo kuwa ba ya rabuwa da masu shigowa gaisuwa. Na kuma ce in na je gadonta za ta bar mini ta koma tabarma, ga ta da ciwon gwiwa. Duk wannan gaskiya ne, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ainihin maganar, motar ofis ce za ta riƙa ɗaukarmu kullum da safe, ni kuma ba na so matan nan da suka san ni da gayu su ga lungun da na fito. Kunyar gidanmu na ji, Allah ya yafe mini.

Na kira Goggo na ce mata an ɗage kwas ɗin. Ta ce, "To Allah ya sa haka ne mafi alheri, ɗaki ai ba ya gudu." Niyyata ranar ƙarshe in faɗo mata kamar wucewa nake yi, in ajiye tsaraba in kama hanya.

Masaukin kam ba shi da laifi, ga tsafta, ga koko da ƙosai mai zafi kowace safiya. Amma ban sake ba ko kaɗan, in za mu fita sai in ja mayafi in rufe fuska kamar wadda ta yi sata, a garin da aka haife ni. Abin da na manta shi ne Bazazzagi ba ya zama da kai bai tambayi gidanku ba. Wata safiya muna karyawa ina ta zuba, sai Hajiya ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, wannan Hausar taki ta cikin ganuwa ce, 'yar gidan wa ce?" Na kasa musun ubana, na faɗa. Ashe islamiyya ɗaya suke zuwa da Goggo. Ta yi ta murna har da ƙara mini ƙosai. Na so in roƙe ta ta yi shiru, amma da wane baki, in ce mata me? A ranar suka haɗu da Goggo a gidan suna, ta yi mata barka da zuwan 'yarta a cikin mata, da zuciya ɗaya, har tana cewa ɗakin da ya fi iska ta ba ni.

Jiya da la'asar na dawo daga kwas na tarar da Yaya Rabi, babbar 'yar Goggo, zaune a falo da kwanuka a gabanta. Tuwon shinkafa da miyar taushe, soyayyar kaza, da fura a ƙwarya an rufe da faifai. Duk ɗan birni ya san wannan, abincin da ake kai wa baƙon da ya sauka a gidan wani ne, ɗan gida ba a kai masa, da kansa yake zuwa ya buɗe tukunya. Yaya ta kalle ni ta ce, "Goggo ta ce a gaishe ki Hajiya, a yi miki sannu da zuwa garinmu." Jama'a, tunda na yi wayo Goggo ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai Uwata, saboda sunan mahaifiyarta aka sa mini.

Da muka shiga ɗaki Yaya ta wanke ni tas. Ta ce tun ranar da na ce zan zo Goggo ta sa aka yi wa ɗakin sabon daɓe, ta sayo gidan sauro, ta gaya wa duk mutanen lungun Uwarta na nan tafe. Ta ce da Hajiya ta yi mata barka a gidan sunan, dariya Goggo ta yi ta ce ai ta sani, ita ce ma ta ce in sauka a can saboda karatu. Wato ni na yi mata ƙarya, ita kuma ta rufa mini asiri. Da ta koma gida, kaza kawai ta sa aka kamo.

Yaya ta ce in je in ce ofis ne suka tilasta kowa ya sauka wuri guda, nauyin faɗa mata ne ya sa na ce an ɗage. Maigidana kuma da na kira shi ya yi mini faɗa sosai, ya ce gaskiya zan faɗa mata duka. To amma gaskiyar ita ce na ji kunyar gidan da ta rene ni a ciki, ta yaya zan kalli idon tsohuwar nan in furta haka? Ƙaryar kuma, Goggo ba yarinya ba ce, na san karɓa za ta yi ta sa mini albarka, ta ci gaba da ce mini Hajiya. Na kira ta a waya, ta amsa gaisuwa lafiya lau, ta tambaye ni ko masauki ya yi mini daɗi. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Abincin ban iya kai shi baki ba, abokan aikina ne suka cinye suna santi, har suna cewa in kai su su gaishe da mai wannan hannun. Gobe kwas zai ƙare, motarmu za ta koma. Ga kwanukan nan na wanke su suna gabana. Hajiya ta ce in kawo ta aika da su tare da tukwici yadda baƙo yake yi, amma in na yi haka na amsa ke nan cewa ni baƙuwa ce.

Don Allah iyaye da ke cikin zauren nan, in ku ne Goggo, gaskiyar za ku so ku ji ko a bar ku da uzurin ofis? Kuma in na ɗauki kwanukan da kaina na yi sallama a tsakar gidanmu, ta ce a shimfiɗa wa baƙuwa tabarma, me zan ce mata?