Dokin Ƙofar Gidanmu

Da sunan Allah Mai rahama. Akwai abin da na sani tun kaka, ban taɓa faɗa wa kowa ba: ba don ruwan sama anka ɗaga dokin ƙofar gidanmu ba. Don ni anka ɗaga shi.

Ni ce Lailatu, yayarku. Hafizu da Habsa, ku nake rubuta wa, don ba ni da ɗiya sai ku da na rena bisa cinyata. Hankalina ɗaya, ba zazzaɓi, ba wanda ya sa ni. Jibi za a kai ni Yamai a yi mini aikin ƙashin baya, kuma lokotoro, likitan da zai yi aikin, bai ɓoye mana ba: ana farkawa, ana kuma zarcewa. Shi ya sa nake barin wasiyya da ƙuruciyata.

Na ɗaya. Ku san gaskiyar ƙofar. Kun tuna sa'ad da na samu kekena mai tuƙin hannu, na fara zuwa lakwal, makarantar boko, ni kaɗai, ran kasuwa kuma in bi ta rumfar mai littattafai. In na tsaya duba bangon littafi, sai in ji tsaba ta faɗo mini a cinya. Mutane ne, sun ga gurguwa ta tsaya. Kunya ba ta barina in ce a'a, sai in kai asusun masallaci. Ashe an kai wa Baba labari wai ɗiyar Ibrah tana bara a kasuwar Filinge. Bai tambaye ni ba. Sai ga Manzo magini da siminti, anka ce damina za ta yi ƙarfi bana. Dokin ƙofa ya kai gwiwar Hafizu, keke ya daina fita sai an ɗaga shi, ni ma sai an ɗaga ni. Lakwal ta koma sai ranar da wani ya ga dama. Ni kuwa har godiya na yi wa Baba da ya tsare mana gida.

Bayan an yanke hatsi Manzo ya dawo yaɓen rumbu. Ina bayan zana ina karatu na ji shina gaya wa Baba ruwa bai taɓa bin ƙofar nan ba, gangaren waje yake kallo, ko ya rage ta? Baba ya ce ya bar ta, ba ruwa take tarewa ba. Inna tana wurin, tana daka. Taɓaryarta ko tsayawa ba ta yi ba. Wallahi shirun Inna ya fi yi mini ciwo.

Na biyu. Kekena na Balkisa ne, ɗiyar mai ƙosai ta bakin tasha, wadda ke jan gindi cikin rairayi mai zafi da takalmi a hannu. Kada a sayar, kada a mai da shi abin ɗaukar jarkar ruwa. Hafizu, ka sa wa sarƙa mai kafin ka kai mata, ka nuna mata burki, na hagu yana da gardama. Ka kuma dubi ƙofar gidansu.

Na uku. Littattafaina na soyayya na Habsa ne, suna ƙarƙashin katifa, ban da mai jan bango, na Sakina ƙawata ne, a mayar mata. Ki karanta, amma kada ki yarda da su duka. A cikinsu in saurayi ya ɗauki budurwa cak, nan ne daɗin labarin. Na daɗe ina mafarkin haka, har na ba saurayin suna, ba zan faɗa ba. Amma ni an ɗauke ni fiye da duk ƴan matan littafi, na kuma ga fuskar mai ɗauka in ya gaji. Wanda nake mafarki yanzu, gefena yake tafiya, hannunsa cikin aljihu, muna hira.

Na huɗu. Faɗan da kuke yi kan wa ke da ɗaukar Yaya yau, ku bar shi. Ina jinku ta taga. Ban riƙe ku ba, ku yara ne, an ɗora muku abin da buhun siminti guda ya isa ya sauke. Ku yafe wa juna, ni na yafe.

Na biyar, shi ne babba. A fasa dokin ƙofar nan, a yi gangare. In makarata ce za ta fita, kada a ɗaga ta bisa shi. Ku faɗa wa Baba da ladabi, bayan ya ci abinci, cewa ɗiyarsa ba ta taɓa miƙa hannu ba. In yana jin kunyar maganar gari, da masu jefa tsabar ya kamata ya yi magana. Kuma duk gidan da kunka gina in kun girma, ku auna ƙofarsa da wanda ba ya iya tsallakawa.

Kada ku ƙi Baba da Inna saboda takardar nan. Na san so ne ya gauraya da tsoro, ina ƙoƙarin yafewa, ban gama ba. Ku riƙe su, ku riƙe juna, kada a ji kanku a waje. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku masu tambayarku kafin su yanke muku hukunci.

Da niyyata in sa ta cikin matashin kai, sai in ban dawo ba ku gani. Amma in Allah Ya tashe ni fa? In dawo a sake ɗaga ni kamar buhun hatsi, in sake cewa na gode? A'a. Kuma bai kamata in ɗora muku maganar da ni ce na kasa yi ba. Baba na zaure yanzu, ya dawo daga la'asar. Har can dai ina iya kai kaina. Zan miƙa masa da hannuna, in tsaya har ya karanta.