Rautar bayan tankin ruwa

Duane,

Na tafi aiki, abincinka na cikin firij.

Da safe na yi intabiyun asibitin nan ta bidiyo. Matar ta yi tambaya, kafin amsata ta isa kunnenta ta fara wata. Sau huɗu muna katse juna, har ta ce, "Marlene, daga cikin rijiya kike magana ne?" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Mai gyara daga kamfanin da ka zage tas a waya ya zo. Ya gwada layin a bango, lafiyarsa ƙalau. Sai na kai shi ɗakin ƙasa na nuna masa rautar wayfai ɗinka, wadda ka tsinto a gwanjon gareji shekara sha ɗaya da suka wuce, ka cusa bayan tankin ruwan zafi, ka naɗe eriyarta da takardar alminiyam ta kicin. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Madam, aikin wane ne wannan?" Na ce wani injiniya ne, ya ƙware a kashewa da kunnawa.

Sabuwa tana kan kantar falo. Kar ka taɓa ta. Gobe ƙarfe tara za su sake kirana, kuma daga ita babu wata dama.

Taka na sa ta a kwando bakin titi, na rubuta "kyauta". An ɗauke kwandon, an bar ta.

Marlene