A Rubuta Sunan Wanda Ya Ƙera Duniyar Duma

Zuwa ga Shugaban Sashen Kimiyya na jami'ar da ta shirya baje kolin ilimin taurari a Birnin Kebbi.

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe, ina gaishe ka da aiki, da fatan kai da iyali kuna lafiya.

Ni ne Muhammadu Ɗangwani, mai walda a Argungu. Karatuna a sakandare ya tsaya. Walda da ido na koye ta, ba ubangida, ba mai kama mini hannu. Ni na fara sarrafa durom ya zama tanderun bandar kifi a unguwarmu. Injin casar shinkafar da na haɗa yana aiki a Augie har yau, kuma manoman fadamar Ambursa sun san hanyar shagona in famfon ban ruwa ya ƙi tashi. Ba alfahari ba ne, so nake ka san mai yi maka magana.

Na ɗaya. Kafin azumin da ya wuce, wani Dakta daga sashenku ya zo shagona da zane a takarda. Yana son a yi masa ƙwan fitila a tsakiya, ƙwallo yana zagaya shi a kan wilin keke. Ni kuwa ba ni taɓa ƙarfe sai na san amfaninsa, don haka na tsare shi da tambaya. Ya ce akwai wasu manyan duniyoyi na iska zalla, masu zagaya taurarinsu kusa ƙwarai, har fuska guda ce kullum ke kallon wuta, ɗayar tana cikin duhu har abada. Nisansu ya hana a gan su ko da na'urar hangen nesa. Haskensu ake aunawa haɗe da na tauraron: in fuskar zafi ta juyo wajenmu ya ƙaru, in ta ba mu baya ya ragu. Wai daga wannan hawa da sauka kaɗai ake karanta yanayin iskarsu. Wallahi ranar ban iya cin tuwon kirki ba don tunani.

Na biyu. A zanensa, wurin da ya fi zafi yana daidai saitin tauraron. Nan na ce ban yarda ba. Duk macen da ke banda a bakin gulbi ta san kifin da ke fara ƙonewa ba na bisa wuta ba ne, na gefen da iska ke tura zafi ne, shi ya sa take sauya wa raga wuri. Na ce in dai duniyar nan iska ce, to zafinta ba zai zauna inda aka aje shi ba. Dakta ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce abin da masana suka tarar ke nan a da yawa daga cikinsu: zafin na gocewa gabas, haske kuma na kai ƙololuwa tun kafin duniyar ta ɓuya bayan tauraronta. Ban ce ni na gano ba, sun riga ni. Amma a zanen babu shi.

Sai na aje ƙwallo na ɗauko duma. Na sa ƙaramin ƙwan tocila a ciki, na huda ramuka masu yawa a gefe guda su zama fuskar zafi, na bar shi sako-sako a kan ƙusa don a iya murɗa shi. Na kafa mitar auna haske nesa kaɗan. In ka murɗa duman ka juya wilin, sai allurar mitar ta tashi da wuri, tun kafin duman ya ɓuya bayan ƙwan fitila. Mako uku na yi a kai.

Na uku, nan ne ciwon. Na faɗa wa duk Argungu cewa aikina zai fita a Birnin Kebbi. Ranar buki na sa babbar riga, na tafi da aminina Malam Hassan, tsohon malamin firamare, mutumin da ba ya wuce rubutu bai karanta ba. Ya karanta allon da aka kafa gaban aikin da ƙarfi: sashenku ne ya ƙera. Ba ni, ba Argungu. Na leƙa kuma sai na ga an danƙara wa duman gam, an liƙe shi yana kallon ƙwan fitila sak. Mai kula da wurin ya shaida mini wai sun ga yana girgiɗi ne suka gyara. Ranka shi daɗe, girgiɗin nan shi ne karatun! Dakta ba ya nan, an ce ya tafi ƙaro ilimi.

Tun ranar, in na ratsa majalisa sai a ce ga Farfesan duma nan. Ba'a ba ta dame ni ba, ni ma gwani ne. Amma Malam Hassan, wanda bai taɓa kama ni da ƙarya ba, ya daina tada zancen gabana don kunya, kuma wannan shirun ya fi zagi zafi.

Na huɗu, tun da na samu kunnenka. Iskar da ke ɗauke zafi haka, mi ke tura ta? A gefen duhu akwai gajimare? In akwai, na ruwa ne ko na wani abu, tun da Dakta ya ce zafin can kan narkar da ƙarfe? Ni da nake narkar da shi kullum ina so in sani. Kuma in wata duniya zafinta ya goce yamma, mi za ku ce? Dakta ya tafi da sauran bayanin, ya bar ni da ƙaiƙayi.

Allah shi ƙara maka lafiya da basira, shi ɗaukaka sashenka, shi sa ɗalibanka su fi ka.

Buƙatuna biyu ne. A bar ni in zo da wuƙata in kankare gam ɗin nan da hannuna, don wani zai fasa duman. Sannan a sauke wancan allo a rubuta sabo, da Hausa da Turanci, da manyan baƙaƙe: Muhammadu Ɗangwani Mai Walda, Argungu. Ranar da za a kafa shi a sanar da ni da wuri, don da Malam Hassan zan zo, shi zai karanta.

Wassalam.

Muhammadu Ɗangwani Mai Walda,
Argungu.