Hoton saniyar habbanaye ya raba babana da amininsa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a sakaya sunana, ku kuma don Allah ku ba ni shawara, kunya ta hana ni tunkarar kowa a gida.

Ina da ɗan shagon haɗa hotuna da kwamfuta a Gazawa, yanzu da sojoji za su miƙa mulki aikina bai wuce fastar 'yan takara ba. To rannan na ji a rediyo wai masana sun taɓa ɗaukar ƙwayar halittar tunkiya suka samar da wata irinta sak, abin ya tsaya mani a rai, na ce bari in gwada a hoto.

A gidanmu akwai saniyar habbanaye, wadda Baffa Jauro, aminin babana, Bafillace da ke ruga wajen Cadawa, ya ba shi aro. Al'adar ita ce in ta haihu uku 'ya'yan naka ne, sai ka mai da uwar. Tamu sau ɗaya ta haihu. Ni da rawar kaina na ɗauki hotonta, na kwafe ta na ƙanƙanta, na jera mata maruƙa uku masu farin goshinta, har da inuwarsu a jikin katangarmu. Wallahi ya yi kyau, alfahari ya sa na tura wa abokai, ya yi ta yawo a salula har ya kai hannun babban ɗan Baffa.

Baffa bai yi faɗa ba, ba halinsa ba ne. Aike kawai ya yi wai mu riƙe saniyar ya bar mana, ya kuma daina biyowa gidanmu ran kasuwa, mutumin da tun kafin a haife ni suke cin tuwo kwano ɗaya da babana. Na samu ɗan nasa na rantse mashi hoton haɗin kwamfuta ne, ya ce shi makiyayi ne, ya san jinin saniyarsu in ya gani, wai mun sayar da maruƙan mun ɓoye haihuwar don kada mu mai da ita.

Babana bai san komai game da hoton ba. Dama da ƙyar ya bar ni wannan sana'a, bisa alkawarin ba zan yi wasa da halittar Allah ba. Yanzu abinci ma ba ya ci sosai, sai tambayata yake ko na ji wani laifi da ya yi wa Jauro, ni kuma in sunkuyar da kai in ce ban ji ba.

Jiya ya ce Juma'a in ɗauke shi a moto, wato babur, mu je rugar, zai durƙusa ya nemi gafara ko da bai san laifinsa ba. Jama'a, in faɗa mashi tun a gida ya ce in rufe shagon da nake ciyar da iyalina, ko in ɗauki kwamfutar mu tafi da ita in goge maruƙan a gaban su biyun? Ba zan iya tsayawa ina kallon tsohon nan a durƙushe saboda ni ba.